Babbar Rigar Baffa Auta

Mai kujera ya jawo kujerarsa, marar kujera ya raɓa da bango, don yau akwai abin da zan fitar daga ƙasan akwati.

Waɗanda suka saba bina a shafin nan sun san ni, Adawiyya ta bayan Kusugu, mai ɗinkin hijabi. Sun kuma san Suhaibu, ɗan Mai'adua mai shagon kayan babur, wanda ya kawo wa ƙanwarsa ɗinki ya karɓi hijabi ya bar zuciyarsa a kan kekena. Abin da ban taɓa gaya muku ba, shi ma kuma ban gaya masa ba, shi ne ko wane ne Baffa Auta.

A waya kullum ina ce masa Baffa ya ce, Baffa ya hana. Shi kuma ya zana wani dattijo a ransa, mai gemu da carbi da muryar da ke sa kaji su shige akurki. Carbin dai akwai shi. Sauran kuwa, bari ku ji.

Baffa Auta ƙanin mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ɗan daudu ne. Na faɗa, na huta. Mahaifina ya rasu ban daɗe da yaye ba, mahaifiyata ta gama takaba ta yi aure a Zango, aka bar ni a gidan uba kamar yadda aka saba. Gwaggo Haulatu, yayarsu, ta ce ɗakinta ya cika. Baffa kuwa ya ɗauko majanyi ya goya ni. Shi ya yi mini kitson farko da ya zauna a kaina, shi ya ƙunsa mini lallen sallah, shi ya zaunar da ni ranar da na fara ganin abin da mata ke gani ya yi mini bayani ba tare da ya sa na ji kamar na yi sata ba. Waina yake soyawa a rumfarsa ta bakin tasha, manyan bukukuwa kuma ba sa sauke tukunya sai ya ɗanɗana. A gida zani yake ɗaurawa a kan singileti, kwalli raɗau, in zai yi magana hannu na riga baki. Ranar Juma'a ya zura kaftani ya tafi masallaci, ya dawo ya rataye shi a ƙusa.

Tun da Suhaibu ya fara zuwa, Gwaggo ta tsara cewa a ƙofar gidanta zan riƙa zance. Ta ce don mutunci. Na san mutuncin da take nufi, na kuma bi ta, domin ni ma tsoron nake ji. Yarinyar da ta tashi ana kiranta 'yar gidan ɗan daudu a makarantar allo ta san yadda fuskar mutane ke canjawa.

To sai ga saƙo wata Laraba da hantsi, ina tsakiyar kalmasa bakin hijabi:

"Gimbiyar Kusugu, Baba Dabo ya ce Asabar za su zo neman aure. Ki ce wa Baffa ya sassauta mana, mu talakawa ne."

Na tura masa fuskar dariya.

Da Gwaggo ta ji, ko mayafi ba ta gyara ba ta iso gidanmu. Shawararta ta farko ita ce Baffa ya tafi Zango gaishe da mahaifiyata ranar Asabar, mijinta Malam Zakiyyu ya karɓi baƙi. Malam Zakiyyu, mai koyar da yara a zaurensa, ya ce ba zai yiwu ba, in ƙanin uba na raye shi ne waliyyi, baƙi za su tambaya, ƙarya kuma fure take ba ta 'ya'ya. Aka yi ta ja har aka tsaya a tsakiya: Baffa zai zauna a zaure a gan shi, Malam zai yi magana a madadinsa, a ce maƙogwaro ke damunsa. Gwaggo ta ƙara da cewa ai mutanen Mai'adua ba su san shi ba.

Duk wannan a gabansa ake yi, yana tsince shinkafar waina a faifai. Ya ɗago ya dube ni, ba Gwaggo ba. Ni yake jira. Na sunkuyar da kai ina wasa da zaren hijabina.

"To," ya ce, "in dai don Adawiyya ne, ko buhun gero aka ce in zama zan zama."

Ranar Alhamis Gwaggo ta buɗe makaranta a tsakar gida. Ta zaunar da shi a tabarma ta ce ya tanƙwashe ƙafa irin na maza, ba ya karkace su gefe guda kamar amarya ba. Ta hana riƙe haɓa. Ta hana tafa hannu, ta hana fari da ido, ta hana "ni 'yasu". Kwalli a wanke, yatsun da ke da sauran lalle a ɓoye su cikin hannun riga. Magana kuwa kalma biyu ta yanke masa: "madalla" da "haka ne", su ma daga ƙirji za su fito, ba daga hanci ba.

Baffa ya kumbura wuya ya ce "haka ne" da wata murya kamar an ja turmi a kan siminti. Na yi dariya har da hawaye. Gwaggo ta ce ba wasa ta zo ba. Ya ce shi ma ba wasa yake ba, ai a bakin mijinta ya koya, shekara da shekaru bai ji Malam ya ce mata wani abu ban da wannan ba. Gwaggo ta jefe shi da mafici.

Dokar ƙarshe ita ce ta fi yi masa ciwo: ba zai taka madafa ba ranar Asabar. Gwaggo ce za ta soya wa baƙi waina, a tandarsa, wai kada ƙamshin hayaƙi ya kama masa riga. Baffa ya dubi tandar nan da ya yi shekaru yana shafe ta da man gyaɗa har ta yi baƙi tana sheƙi, ya dube ta kamar mai sallamar 'ya zuwa gidan miji mugu.

Bayan la'asar, Gwaggo ta tafi, muka zauna ni da shi muna wanke shinkafa. Don in rage nauyin da ke ƙirjina na ce masa na gani a waya, Turawa sun fito da wani suna a shekarun baya-bayan nan, na mutumin da bai tsaya a layin maza ba bai kuma tsaya a na mata ba. Na ce har tuta gare su.

"Tutar ta ɗaurawa ce ko ta yafawa?" ya tambaya.

Na ce ta ɗagawa ce. Ya taɓe baki ya ce asarar yadi. Ya ce su sai yanzu suke raɗin suna, a nan kuwa jaririn ya yi jikoki. Shi a hannun uwar ɗakinsa Siddiƙa ya koyi tanda, wani ƙato mai gashin baki wanda in ka kira shi Sadiq sai ya wuce kamar da bango kake. Siddiƙa kuma ta koya a wurin wata da ta dafa wa fatake tun mota ba ta san hanyar Daura ba. Sunan daudu, in ji tsofaffi, daga Ɗan Galadima na 'yan bori ya samo asali, mai son ado da ƙamshi, ko da yake shi Baffa bai taɓa hawan bori ba, ko garaya aka kaɗa kansa ke ciwo. Ya ce da can a gidan biki su ne ƙofa: su shiga wurin mata su fito wurin maza, su kai saƙo su kawo tuwo, kowa na dariya da su kowa na bukatarsu. Sai zamani ya juya, wa'azi ya yi zafi, wasu suka kwance zani suka tsayar da gemu, wasu suka bar gari, wasu suka koma ɗaki suka rufe. Ya ce abin mamaki, a garin da aka ce mata sun yi sarauta tun maza ba su farka ba.

Na yi ƙarfin hali na ce, to shi a ganinsa mene ne shi?

Ya tsiyaye ruwan shinkafa a hankali kafin ya amsa.

"Liman ya san sahun da nake tsayawa, tanda ta san hannun da ke juya ta. Sauran bayanin yana wurin wanda ya halicce ni, kuma ban ji ya aiko ki tambaya ba."

Asabar ta zo. Gwaggo ta buɗe akwatin mahaifina ta fito da babbar rigarsa, farar shadda mai aiki ruwan ƙasa, tana ƙamshin tsohon turare. Da Baffa ya sa ta, ya ɗora hula ya juyo, sai na ƙura masa ido. Hancin nan, goshin nan. Babu kwalli, babu murmushi, sai na ga mutumin da na sani a hoto kawai. Shi ma ya ga abin da na gani, ya yi sauri ya ce rigar ta yi masa nauyi kamar an yafa masa rumfa.

Ni kuwa atamfa shuɗiya na sa mai zanen ganye, ɗinkin hannuna, da ɗan kunnen da Baffa ya saya mini da na sauke Alƙur'ani. Ba mai ganina, amma aka ce amarya ko a bayan labule amarya ce. Na laɓe a bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida, waya a hannu. Suhaibu, da yake ango ba ya shiga wurin neman aurensa, yana cikin mota a gindin dalbejiyar ƙofar gida, shi ya tuƙo su.

"Na hango Baffa da zai shiga," ya rubuto. "Kwarjini kamar alƙali."

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Na tura masa "hmm".

Baƙi uku ne, amma mai magana ɗaya: Alhaji Dabo, yayan mahaifin Suhaibu, dillalin shanu, gajere mai ƙananan idanu da ba sa zama wuri ɗaya. Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi hanya. Malam Zakiyyu ya ba da uzurin maƙogwaro. Alhaji Dabo ya ce Allah ya sawwaƙe, yana kallon Baffa kamar yadda yake kallon bijimi a kasuwar shanu. Baffa ya ce "madalla" daga ƙirji. Ta ɓular labule na ga ƙafafunsa a tanƙwashe, hannuwa a ɓoye, gumi na bin gefen hula. Wallahi ya yi ƙoƙari. Da jarrabawa ce da ya ci.

Sai iska ta juyo daga madafa.

Ni na fara ji, ƙauri-ƙauri. Gwaggo ta cika wuta, ta kuma tsaya leƙen zaure ta bar waina a tanda. Na ga hancin Baffa ya motsa. Ya runtse ido. Alhaji Dabo ya fara shimfiɗa maganar da ta kawo su, cewa ɗansu ya ga 'yar gidan nan ya yaba. Ƙaurin ya ƙaru. Sai kuma ga ƙarar ƙarfe, ƙarar-ƙarar, Gwaggo na kankare tandar da wuƙa.

Nan makarantar Alhamis ta rushe.

Baffa ya miƙe zumbur. Namiji in zai yi sauri da babbar riga, saɓa hannuwanta yake a kafaɗa. Baffa kuwa hannunsa ya yi abin da ya saba: ya tattaro fukafukan rigar nan, ya naɗe su a ƙugu, ya soke gefe ɗaya tsaf kamar zani.

"Ni 'yasu, Haulatu za ta kashe mini tanda," ya ce, da muryarsa ta gaskiya.

Ya wuce ni fuu, yana karairaya, hula a karkace. Zaure ya yi tsit, har ina jin kukan akuyar maƙwabta.

Abin da ya faru a madafa ba zan maimaita shi duka ba, akwai yara a shafin nan. Ya janye itace, ya shafe tanda, ya zuba sabon ƙullu, kafin Gwaggo ta gama salati waina ta fara tashi fara ƙal da gefe ja. Ya jera ta a faranti da miyar taushe. Kuma da yake in ruwa ya ci mutum ba ya tsoron yayyafi, shi da kansa ya ɗauka, a tafin hannu daidai kafaɗa, ya shiga zaure ya durƙusa gwiwa biyu ya ajiye a gaban baƙi. Sai da ya ɗago ya ga idanu, sannan ya tuna.

Malam Zakiyyu ba mugu ba ne, ruɗewa ya yi. Ya yi gyaran murya ya ce Alhaji ya yi haƙuri, wannan wani ɗan uwa ne na nesa da ke taimaka musu da girki, an zaunar da shi ne don cika wuri. Maganar yarinya kuwa a hannunsa take, shi ne waliyyi.

Baffa na durƙushe, rigar yayansa naɗe a ƙugu. Ya dubi tabarma. Ya kumbura wuya, ya nemo muryar nan ta turmi.

"Haka ne," ya ce.

Jama'a, ranar Alhamis kalmar nan ta sa ni dariya har da hawaye. Ranar Asabar hawayen kawai ta kawo. Mutumin da ya goya ni yana cire kansa daga dangina da bakinsa, don kada in rasa miji.

Na ɗaga waya na rubuta wa Suhaibu: "Baffana ɗan daudu ne. Shi ya raine ni. Na ɓoye maka don tsoro." Na tura kafin zuciyata ta ba ni wata shawara. Sannan na yi abin da 'ya mai kunya ba ta yi a ranar neman aurenta. Na yi sallama daga bayan labule.

"Alhaji, a gafarce ni. Ba na nesa ba ne. Ƙanin mahaifina ne, a bayansa na girma. In ba shi zai ba da ni ba, to ba a tashi ba da ni ba."

Gwaggo ta damƙe mini hannu ta baya har farcenta ya shiga. Malam Zakiyyu ya shiga neman wani abu a cikin carbinsa.

Alhaji Dabo bai yi sauri ba. Ya wanke hannu, ya ɗauki waina, ya tsoma a miya, ya tauna a natse. Ya ɗauki ta biyu. Sannan ya ce shi tun yana yaron mota yake cin wainar Auta a bakin tasha, duk wanda ya taɓa kai dabba kasuwa ta hanyar Daura ya san rumfar nan. Ya ce tun shigowarsa yake tambayar kansa wane laifi Auta ya yi aka ɗaure shi a cikin shadda. A sana'arsu, in ji shi, ba ramar saniya ke kashe ciniki ba, a shafa mata mai a ce ƙiba ce.

Ya jawo ƙullin goro da alewa da suka zo da shi, ya tsallake gaban Malam Zakiyyu, ya ajiye a gaban Baffa.

"Auta, wurinka aka aiko ni. Zauna yadda ka saba, ƙafar nan taka tun ɗazu take ba ni tausayi."

Baffa ya karkace ƙafafu gefe guda, ya sauke ajiyar zuciya, ya riƙe haɓa. Ya ce ya ji, ya kuma gode, amma shi ba ya ba da 'ya a kan ɓoye-ɓoye, an gwada yau an ga ƙarshensa. A koma a gaya wa iyayen yaro abin da aka gani, ba ragi. Alhaji Dabo ya ce dama haka zai yi. Ƙaninsa ba shi da matsala, abin da ya ce shi zai bi. Amma akwai Hajiya Rahmatu, mahaifiyar Suhaibu, wadda ko limamin unguwarsu sai ya shirya kafin ya gaishe ta. Wannan kam, ya ce, ba zai yi alkawari da bakinta ba.

Suka tafi da sauran wainar a leda. Gwaggo ta tafi ba sallama, ta manta mafici.

Saƙona kuwa an buɗe shi, alamar ta nuna. Ba amsa. Na share tsakar gida da ba ta da datti. Na ɗinka hijabi na farke. Duk motsin waya sai in zabura, in tarar kamfanin layi ne ke tallan waƙa. Sai da aka yi kiran la'asar amsarsa ta shigo.

"Abin da ya ɓata mini rai ba Baffa ba ne. Wata nawa ina zuwa, kina kallona kina ganin mutumin da za a ɓoye wa abu."

Ban kare kaina ba. Na ce ya yi gaskiya. Aka daɗe yana rubutu yana tsayawa.

"Hajiya ta ji komai. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce Juma'a za ta zo da kanta, kuma ba ke za ta gani ba, shi. Ni zan tuƙo ta."

Kafin in amsa wani ya biyo baya:

"Ki gaishe da Baffa. Ki ce Baba Dabo ya hana kowa wainar a mota."

Na sami Baffa a tsakar gida ya koma zaninsa, yana shafa wa tanda mai a wuraren da wuƙar Gwaggo ta ji mata ciwo. Babbar rigar na kan igiya tana shan iska. Na karanta masa saƙon duka. Ya yi dariyar wainar, sannan dariyar ta janye. Ya dubi rigar, ya dubi zanin da ke jikinsa.

"Adawiyya, matar nan ita ce ƙofar ƙarshe. Kada ki duba ni, ki duba kanki. Da wanne zan tarbe ta?"

Wannan karon ban sunkuyar da kai ba. Na sauke rigar daga igiya, na ninke ta a kan layin gugarta, na mayar akwati na rufe. Na shiga ɗakinsa na ɗauko tandun kwallin da Gwaggo ta ɓoye a bayan madubi, na ajiye masa a tafin hannu.

"Da wanda ka goya ni," na ce.

Ya juya tandun a hannunsa. Sannan ya ce in jiƙa shinkafa tun Alhamis, mudu uku, kuma in Haulatu ta zo neman maficinta a miƙa mata ta kan katanga.